Silifa a Ƙofar Ɗaki na Tara

Ranar Talata ta zo, ba waya, ba sanarwa,
Moira Pickering ta ofishin 'yan kwana-kwana,
allon rubutu a hammata, tocila a hannu,
ni kuwa ina haɗa jaka, na gama aikin dare,
idona kamar an watsa barkono.

Bolsover gari ne da kowa ya san motar kowa.
Tun tana kwanar coci labari ya riga ta:
mai soya kifi ya kwashe kwalaye daga matakala,
gidan giya sun nemo makullin ƙofar baya.
Gemun maƙwabci bai ma kama ba tukuna,
kowa ya shafa wa nasa ruwa.

Mu a gidan tsofaffi mun shirya, in ji manaja.
Ta ɗaga jar tukunyar kashe wuta, ta karanta kwanan wata,
ta danna ƙararrawa har Misis Tranter ta ɓarar da shayi,
ta ƙirga taku daga kicin zuwa fili,
ta shafa bakin kowace ƙofa da yatsa
kamar mai duba atamfa a kasuwa.

Sai ɗaki na tara.
Ƙofa a buɗe, silifa a ƙarƙashinta,
ruwan ƙasa, ta ƙafar hagu, ta sha matsa.
"Wa ya sa wannan?" Manaja ya dubi silin.
Na ce ni ce. Wata bakwai ke nan ina sa ta.

Baba Ogden ne a ciki.
Shekara ashirin da shida ya yi a ramin kwal,
an ce rufi ya taɓa zubo musu, suka kwana biyu a duhu.
Ya manta sunan 'yarsa, yana manta ya ci abinci,
amma da zarar ya ji an datse ƙofa
sai ya miƙe yana laluben bango,
yana kiran mazan da suka daɗe a ƙasa.
Ni ke riƙe hannunsa har asuba.
Silifa ɗaya ta saya mana barci da natsuwa.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta durƙusa ta zare ta,
ƙofar ta tafi a hankali, ta rufe kanta.
Ta ce, "Wannan katako minti talatin ne,
minti talatin yake tsaya wa wuta.
Mutum goma sha tara ke kwana a nan,
shida ba sa takawa, ku biyu ne da dare.
Hayaƙi ba ya sallama.
Na taɓa hawa wani bene bayan an kashe gobara,
ba zan faɗa miki abin da na tarar a gadaje ba."

Na so in ce mata na san wuta.
Na ga rumfar babana a kasuwar Funtuwa
ta koma toka tsakanin isha da asuba,
ya tsaya yana tono da sanda, yana neman duwatsun sikelinsa.
Ban faɗa ba. Bakina ya yi nauyi.
Tata gaskiya ce, tawa ma ba ƙarya ba,
ga ƙofa ɗaya tak, mu biyu muna ja.

Ta rubuta mu: kwana ashirin da takwas, ko a ci mu tara.
Ta ƙara a ƙasa, da ƙaramin rubutu,
sunan wani ƙarfe mai maganaɗisu
da ke riƙe ƙofa a buɗe, ya sake ta in ƙararrawa ta yi kuka.
Fam ɗari da wani abu. Manaja ya ja tsaki,
ya ce sai manya a Sheffield sun sa hannu.

Yau kwana goma sha ɗaya. Ba su sa ba.
Ƙofa a rufe take, yadda doka ta ce.
Na jawo kujera ciki, ina zama gefen gadonsa,
in ya fara lalube in ce, "Ga ni, Baba, an kusa fito da mu."
Silifar ta koma gun 'yar'uwarta a ƙarƙashin gado.
Kunnena ɗaya yana wurinsa,
ɗayan yana bayan katako, wurin sauran goma sha takwas.