Babi na Huɗu

Farfesa Endel Kuusk na jami'ar Tartu,
shekara talatin da bakwai yana hawa bene guda,
matakala sittin da ɗaya, ya ƙirga,
zuwa ɗakin da tagarsa ke kallon kogin Emajõgi.

Fagensa tambayar da yara ke yi ne su wuce:
me ake nufi in an ce abu akwai shi?
Zati da sifa, lokaci da dalili,
su yake juyawa kamar mai gasa kifi a garwashi.

Kundin digirinsa a kan rami ya yi shi.
Ramin aljihu, ramin cuku, gurbin da haƙori ya bari.
Ya ce rami ba abu ba ne,
baki ne ya saba raɗa masa suna;
akwai riga, akwai zare, babu na uku.
Kwamiti ya yi dariya, ya sa hannu.
Shekara sha tara yana ƙaramin malami,
yana duba jarrabawa da safar hannu don sanyin ofis,
kafin kujera ta zo hannunsa
ranar da mai ita ya koma Helsinki.

Littafinsa ya fito, kwafi ɗari da sha biyu aka saya.
Na sani, biyu nawa ne.
Babi na huɗu muka haddace:
rashi ba shi da nauyi, ba ya cin wuri,
wanda ya ce ya ga babu, harshensa ne ya yi tuntuɓe.

Sai Maret ta rasu a Fabrairu,
kogi ya daskare har mutane na takawa.

Mako uku ba mu gan shi ba.
Da ya dawo ya tsaya gaban allo, alli a hannu,
maɓallin rigarsa ɗaya a ramin da ba nasa ba.
Ya ce: "Bayan ƙofarmu akwai ƙusa biyu.
Ɗaya tawa. Ɗayar, kullum da safe
sai na yi karo da abin da ba ya rataye a jikinta.
Ya fi rigar nauyi.
Ku tsallake babi na huɗu."

Piret ta ɗaga hannu daga baya:
zai fito a jarrabawa?
Ya daɗe yana dubanta. Ya ce zai fito.

Bara ya yi ritaya, ni aka ba ofishin.
Ya kwashe littattafansa kaf,
ya bar shatin kofi a kan tebur, zagaye,
wanda har yau nake kauce wa
in zan ajiye nawa.