Littafin Ercilia

Ni ce mai ɗaukar jakar ƙanƙara
a filin da ke bisa tudun Valparaíso,
inda tsakuwa ta fi ciyawa yawa,
inda ƙwallo, in ta kuɓuce, sai ta nufi teku.

Ba wanda ya sa ni rubutu.
Littafin bashin shagona ne na juya bayansa
na fara ƙirga:
'yan wasa sha tara, bana kaɗai
targaɗe bakwai a idon sawu,
gwiwa huɗu,
haƙori ɗaya da har yau ba mu gan shi ba,
sai agarar Floridor
da ta tsinke, ƙas, kamar an karya kara,
ya waiwaya yana neman wanda ya haure shi.
Ba kowa a bayansa.
Shekarunsa ne, arba'in da shida, suka cim masa.

Ko sisi ba a biyan su.
Su ke karo-karon kuɗin alƙali,
su zana layi da farar ƙasa,
su ɗinke raga da igiyar masunta.

Nibaldo, mijina, lamba biyar,
dako yake yi a tashar jiragen ruwa.
Ran Lahadi ba ya jin kira.
Litinin da asuba nakan ji shi a matakala,
ɗari da sittin da biyu daga ƙofarmu zuwa titi,
yana sauka a karkace kamar ƙaguwa,
hannu a bango, yana ba gwiwa haƙuri.
In na leƙo, sai ya miƙe ya kama fito.

Likita ya ɗaga hoton ƙashi a gaban fitila,
ya ce guringuntsi ya ƙare, ƙashi ke cin ƙashi,
ya ce a bari haka.
Nibaldo ya ce to.
Irin to ɗin da yake ce mini kan taba.

Wani dare ina murza masa man zafi,
ɗaki duk ya gume, ido na yaji,
na ce, wai me kake samu?
Ya daɗe yana kallon rufi.
Ya ce, kwana shida sunana kai ɗauki wannan.
Ran na bakwai mutum goma ke ƙwala Nibaldo,
kowa na so in ba shi.

Ban amsa ba. Na ɗaure bandejin
da ɗan ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

Jiya Floridor ya hawo tudun da sanduna biyu,
ya zauna kusa da ni, gumi sharkaf,
ƙafarsa mai lafiya tana harbin iska
duk lokacin da ƙwallo ta gifta.
Ya ce, me kika rubuta a kaina?
Na ce, sai watan shida.
Ya ce, goge, sa huɗu.

Da na dawo gida na buɗe shafin,
na ƙara layi ɗaya can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe:
kafaɗar dama, mai ɗaukar ƙanƙara.
Ita ma an ce ta bari.