Sikeli Biyu

Shekara talatin ina auna kifi a bakin tekun Valparaíso,
hannuna ya san rabin kilo tun allurar sikeli ba ta tsaya ba.
Yau ga ni a kan sikelin asibiti, ba takalmi,
na riƙe numfashi, wai ko zai rage wani abu.

Kilo goma sha ɗaya, in ji Dakta Valdebenito,
tun watan da al'ada ta ɗauke.
Ta tafi ba ko sallama,
ta kwashe barcina, ta bar mini ajiya a ƙugu.

Na rantse ban ƙara loma ba.
Burodin yau shi ne na bara,
fiya da ɗan gishiri, shayin yamma kofi guda.
Jikin ne ya koyi rowa da girma,
abin da ya shiga sai ya ƙulle,
kamar mai jin ƙishin-ƙishin za a yi fari.

Ƙarfe uku na dare wuta kan tashi daga ƙirji,
ta hau wuya, ta kama kunne.
In yaye bargo, in buɗe taga,
iskar teku ta shigo ta tarar da ni sharkaf.
Osvaldo na ta minsharinsa.
Ban san yadda ake yi ba,
sai in tsinci kaina gaban firji,
haskensa a fuskata, cuku a hannuna,
ba yunwa ba ce, neman abokin hira ne.

Fresia mai teburin kusa da nawa ta kawo ganye a ƙulle,
ta ce sati biyu zan ga aiki.
Aikin da na gani, hanyar bayan gida ce.
Javiera ta sa mini wani abu a waya mai ƙirga taku,
yana yi mini tafi in na kai dubu takwas,
ni da ban samu tafi ba ranar da na haife ta.
Na bar sukari ranar Litinin.
Ranar Juma'a muka shirya.

Sai na daina hawa tsohon lif ɗin katako
mai jan mutane zuwa kan tudu.
Matakala ɗari da sittin da biyu ne zuwa ƙofarmu.
A ta arba'in gwiwa ke fara ƙorafi,
a ta casa'in akwai baƙin kare da ya san ni,
nan nake tsayawa, wai shi nake gaisarwa.
Jiragen ruwa a ƙasa kamar ƙwaryar da aka kifa,
zuciya na dakan sakwara a ƙirji.

Wata huɗu. Kilo ɗaya da rabi.
Likita ta ce madalla.
Na ce ko kifi ɗaya mai kirki ya fi haka.
Ta ce amma jininki ya sauka, kina kuma barci.
Ban ba ta amsa ba, don gaskiyarta.

Shuɗin siket ɗin bikin Javiera
ya gaji da jirana a cikin kabad.
Shekaranjiya na kai wa tela ya buɗe shi yatsa uku.
Bai tambaye ni komai ba, Allah ya yi masa albarka.

A hanyar dawowa, a gilashin kantin magani,
na ga wata mata ta tsaya tana haki,
damatsa cike, hannu a ƙugu, gashi ya soma furfura.
Na kusa cewa Mama.
Haka take tsayawa in ta sauke kwandon kifi,
kuma ban taɓa ganin ta yi yawa ba,
wurin kwanciya dai na gani.

Gobe da asuba akwai kasuwa.
Wani zai ce a ba shi rabin kilo,
in ɗaga, in ajiye, allura ta tsaya daidai.
Da yamma kuma ni da karen nan,
a matakala ta casa'in.