Farin da Ya Kwanta a Gindin Roba

Ran kasuwar Magama, in la'asar ta yi sanyi,
Inna Tasalla ba ta taya dankalin kan buhu.
Sai wanda fartanya ta sara,
wanda tsutsa ta yi wa ƙofa,
ƙanana kamar ƙwan zabo, da dillali ya ture da ƙafa.
Kwando guda a kuɗin kwano.
Ni ke ɗauka. Wuyana bai manta ba.

A gida mu fere, mu ɗauraye,
mu goga a magogin da Ilu maƙeri
ya huda daga gwangwanin madara.
Har yau da tabo a yatsana na tsakiya.
Ta zuba ruwa, ta matse a tsohon ɗankwali,
ruwan ya fito jaja-jaja, kamar rafi bayan ruwan fari.
Na ce, "Inna, ya lalace."
Ta ce, "Bakinka ya fi hannunka sauri. Bar shi ya kwanta."

Muka ci tuwo, muka yi isha'i.
Da ta tsiyaye, ga shi can ƙasa,
fari fat, ya kame kamar daɓe.
Na danna da yatsa, ya ƙi.
Na ɗebo a tafi, ya zurare kamar madara.
"Halinsa ke nan," in ji ta.
"Ka zo da ƙarfi, ya fi ka taurin kai.
Ka lallaɓa, ya bi ka."

Sau uku ake sake masa ruwa.
Kwana biyu a faranti bisa rumbu,
ni da kaji muna zaman doya da manja.
In ya bushe ka murza, sai ya yi ƙara
kamar sabon takalmi a siminti.
Ba ɗanɗano, ba ƙamshi.
Kwandon nan duka, da ƙyar ya cika gwangwani uku.

Ruwan sanyi ba ya cin sa,
zagaye yake yi ya koma ya kwanta.
Sai an dama da sanyin tukuna, a kwarara tafasasshe,
farin ya ɓace, ya yi kauri, ya yi garau,
kana hango gindin ƙwarya ta cikinsa.
Wanda ya watsa garin a zafi kai tsaye, gudaji zai kwasa.
Na gwada. Na sha ludayi a ƙeya.

Gambo mai guga kan zo da kofinsa.
Ya ce wani sitacin kan bar fari-fari a baƙar shadda,
na Inna kuwa ba ya tona asiri.
In miya ta tsinke ga baƙi a zaure,
cokali ɗaya ya ɗaure ta.
Kande mai awara ta barbaɗa kafin suya,
yara suka bar layin maƙwabciyarta.
Littafin lissafina da ya rabu biyu,
da shi aka manne, ya kai ni aji shida.

Ranar da zan je Bauchi neman aiki
riga ɗaya gare ni, wuyanta ya gaji.
Ta tsoma, ta shanya, ta hura gawayi a dutsen guga.
Da safe rigar ta tsaya kyam, kamar da mutum a ciki.
A mota na ƙi jingina, tun daga Toro har Wunti.
Ban samu aikin ba.
Amma mai gadi ya ce mini "ranka ya daɗe".

Bara, bayan addu'ar bakwai,
muna kwashe kayan ɗakinta,
matata ta ɗago gwangwani daga bayan randa, rabinsa fari.
Ta ce, "Wannan fa? Alli ne?"
Ban amsa ba.
Na sa yatsu biyu, na murza kusa da kunne.
Yana nan da ƙararsa.