Ƙoƙo a Cikin Ƙwarya

Ruwa na dukan taga tun la'asar,
irin ruwan Sheffield, ba tsawa, ba ranar ɗaukewa.
Na dawo, gwiwoyina fari fat da siminti,
na tarar Suwaiba ta share teburin cin abinci
ta zana da'ira a cikin da'ira
kamar ƙoƙo a cikin ƙwarya.

"Baba, lambobi ma dangi-dangi ne.
Misis Ogden ta ce mu raba musu gida."
Na ce to, raba mu gani.
Ta ɗora fensir a kan ƙoƙon:
ɗaya, biyu, uku, na ƙirgen yau da kullum.
Waɗannan na san su.
Kwalin tayil goma sha biyu na hau bene da su yau,
kowanne ya sa hannu a gadon baya.

Sifiri yana tsaye bakin ƙofa,
wasu malamai su ce shigo, wasu su ce dakata.
Shi ma na san shi. Janairun bara,
wata cur wayata ba ta yi ƙara ba,
shi kaɗai ya kwana mana a ajiya.

A ƙwaryar da ta haɗiye ƙoƙon
akwai mazauna ƙasa da babu.
Ta ce, "Ka gane?"
Uku ƙasa da sifiri da asuba,
ina kankare gilashin mota da katin banki,
katin da shi kansa yake ƙasa da sifiri.
Wa zai nuna wa ɗan gari hanya?

Masaki ya fi faɗi, na masu rabo ne:
rabi, sulusi, rubu'i, sumuni.
Nan na yi shiru.
Ranar da aka raba gonar Malam a Giwa
ta waya na ji kasona,
ina tsugune a banɗakin wani Bature a Rotherham.
Biyu bisa tara. Ban taɓa taka shi ba.
An ce a cikinsa akwai tsamiya.

Na ce lambobi sun ƙare ke nan.
Ta girgiza kai.
"Akwai waɗanda masakin bai ɗauka,
ba sa rubutuwa kaza bisa kaza.
Sunansu, in na juya maka shi,
marasa kan gado."
Na ce ƙarya.

Ta sauko ƙasa, ta dafa tayil
da ni na shimfiɗa shi da hannuna,
ƙafa ɗaya tsawo, ƙafa ɗaya faɗi.
"Auna daga kusurwa zuwa kusurwa."
Na zaro tef. Inci sha bakwai ba kaɗan.
"Kaɗan ɗin nawa ne?"
Na matso da ido. Na goge tabarau.
Ta shiga karanto shi da ƙafa:
ɗaya, ɗigo, huɗu, ɗaya, huɗu, biyu, ɗaya, uku,
har shayina ya huce,
bai koma farko ba, bai kai ƙarshe ba.
Shekara ashirin ina yanka wannan layin,
ashe gaisawa kawai muke, ba sanayya.

Isha ta yi.
A gidan nan alƙibla ba ta bin bango,
a karkace muke shimfiɗa darduma,
daga gindin firji zuwa gefen taga.
Na tsaya, na dubi ƙasa:
tsakanin yatsuna da inda goshi zai sauka
tayil uku ne a gicciye,
tazarar da babu bakin da zai faɗe ta duka,
ga shi kullum ina cinye ta ba tafiya.

Da na sallame ta riga ta kewaye su duka,
masu kan gado da marasa shi,
ta ce wannan babban gidan na lambobin gaske ne.
"Amma Misis Ogden ta ce nan gaba
akwai wasu can waje, na ƙage."
Na ce ya isa haka, wanke hannu.
Tuwon semo na jira, raba shi uku,
kada ki auna,
ki bar wa uwarki babban.
Sai bakwai na safe za ta baro asibiti
da tata lambar da ba ta ƙirguwa, gajiya.