Gurbin da Ba a Cike Ba

Shekara goma sha huɗu ina shan alli a Kumo,
har ya yi gida a tsagar tafin hannuna.
Ko na wanke da sabulun salo,
da magariba sai in ga farinsa a bakin kwanon tuwo.

Aji ɗaya, kai tamanin da uku.
Bencin mutum uku, biyar ke matse a kai,
sauran a ƙasa, littafi bisa gwiwa.
Albashi kuwa rijiyar rani ce,
tara ga wata guga ta fara taɓo laka.

Ban bar aji don na ƙi yara ba.
Wannan a rubuta, a ajiye.

Da kwasar adashen malamai ta zo kaina
ban sayi taki ba, ban gyara rufi ba,
na hau mota zuwa Gombe
na dawo da kwamfuta ta hannu,
harafi ɗaya ya fita kamar haƙorin tsoho,
batirinta bai riƙe wuta,
sai na raɓa da janaretan mai shayi
ina koyo, sauro na karɓar kuɗin makaranta.

Wa ya koya mini? Hajjo Gidado,
wadda na taɓa tsayarwa a rana
saboda sau bakwai ya ƙi zama a kanta.
Ta wayar salula take duba aikina.
Dare guda cur na yi ina kokawa da injin nan,
ya ƙi, ya ƙi, ya sake ƙi,
da asuba ta ce, cikin ladabi,
“Malam, waƙafi ka manta.”
Na tuna jan birona a littafinta.
Na yi dariya ni kaɗai har mai ɗakina ta farka.

Inna ta tambaye ni,
“To yanzu me kake koyarwa, Barau?”
Na ce, Inna, tsintar wake nake yi.
Ana kawo mini lambobi buhu-buhu,
in zuba a faifai, in fid da tsakuwa,
in ware mai ƙwari, in sheƙe ƙaiƙayi,
sannan in faɗa wa masu tukunya
ko zai kai su baɗi.
Ta ce, “Kuma a biya ka?”
Na ce, har da kujera mai juyawa.
Ta kama baki.

Yanzu ofis ne a Jekadafari, hawa na biyu,
sanyin na’ura na shiga mini ƙashi.
Jadawalin makarantu aka miƙo mini,
layi dubu arba’in, babu mai tari, babu mai neman fita fitsari.
Yaron da ke kusa da ni, gwani ne, ba musu,
ya leƙo ya ce,
“Goge waɗannan guraben da ba a cike ba,
suna ɓata lissafi.”

Na ɗora yatsa. Na kasa dannawa.

Ai na san gurbi.
Na taɓa riƙe rajista mai bangon shuɗi,
inda kowace ranar kasuwa
gaban sunan Lamela ke zama fayau.
Ba ɓacewa ya yi ba,
yana can yana tura baron albasa
don mahaifinsa ƙafa ta kwantar da shi.
Injin bai san wannan ba.
Ni na sani, da ƙafata na bi sawu.

Na ce, bar su tukuna.
Mu tambayi ranakun da suka faɗo.

Ran Asabar na je gida, Litinin na makara.
Ina jiran mota a bakin titi
aka buga tsohon ƙarfen taya
da ke rataye a jikin dalbejiyar makaranta.
Hannuna ya faɗa aljihu da kansa
yana laluben guntun alli.
Katin ofis ya tarar.

Daga tagar aji na ji wata sabuwar murya
tana kiran suna, ana amsawa,
tana kira, ana amsawa,
ta kira wani,
shiru.

Direba yana ta “Gombe, saura mutum ɗaya.”
Na tsaya sai da na ji ta sake kira.