Taku Tara

Taku tara ne tsawonsa, da ƙafata na auna,
faɗinsa huɗu, in an cire wurin kwandon shara.
Lambuna ke nan a Sheffield,
bayan gida mai jan bulo, a gangaren Walkley,
ƙasa baƙa, mai danƙo kamar tuwon da ya kwana.

Shekarar farko da ido na yi sayayya.
Na ga wata mai fure kamar takarda, ja wur,
irin wadda ta haye katangar makarantarmu a Gusau.
Fam ashirin da biyu, ko ragi ban nema ba,
na rungumo ta a bas kamar jaririya.
Wata huɗu tana yi mini fara'a.
Dare ɗaya a Nuwamba jaura ta sauko,
da safe na tarar da ita ta yi baƙi,
ganye ya saki jiki kamar lalo a tukunya.
Ban yi kuka ba.
Na dai daɗe a tsaye har shayina ya huce.

Dattijo Holroyd ya leƙo ta kan shinge,
hular ulu, hannu duk tabon ƙaya.
Ya ce, kafin ki tambayi ranki abin da yake so,
tambayi ƙasar abin da za ta iya riƙewa.
Ina rana take faɗawa? Ina ruwa yake kwana?
Na ce a raina, ashe a nan ma
sai an gai da mai gida ake shimfiɗa tabarma.

Ranar hutuna sai na zauna gadin rana.
Kusurwar hagu tana samun awa biyar,
shi ma in gari ya ga dama.
Gindin shinge kuwa ko leƙe ba ta kai masa.
Can na kai masu son inuwa, masu faɗin ganye.
Kwana uku, katantanwa marasa ƙoƙo
suka mai da su rariya.
Yanzu bayan isha'i da tocila nake fita,
ina tsince su ɗaya-ɗaya cikin gwangwanin madara,
Nusaiba tana taga tana ƙyalƙyala dariya:
Umma ta tafi farauta.

Lafanda ta ƙi laka, sai da na cakuɗa mata tsakuwa.
Wardi kuwa, a Maris Holroyd ya miƙo almakashinsa,
ya ce yanke. Ƙasa. Ƙara ƙasa.
Hannuna yana rawa, gani nake zalunci ne.
A Yuni ya biya ni fure goma sha bakwai,
na ƙirga sau biyu.

Akwai wasu kamar albasa, a Oktoba ake binne su,
saura ƙiris Mamuda ya yanka su a miya.
Ka binne, ka juya baya, ka ci gaba da sha'aninka.
Wata huɗu ƙasa tsirara, ba ta ce uffan ba.
Wata asuba na dawo daga aikin dare a asibiti,
ƙafa ta kumbura, ido ya yi nauyi,
sai ga korayen kunnuwa sun huda ƙanƙara.
Na tsuguna da jakata a kafaɗa.

Bara waccan ya yanko mini reshe daga haidiranjiyarsa,
tasa shuɗiya ce, har tana ɗaukar ido.
Na dasa, na shayar, na jira.
Tawa ta fito ruwan hoda.
Uwa ɗaya, katako ɗaya ne tsakani.
Ya ce ƙasar ce, magina sun binne ɓaraguzai a gefena,
akwai garin da zan barbaɗa ta koma shuɗiya.
Na ce a bar ta haka.

Bana ba ya fitowa, gwiwa ta kama shi.
Ni ke zagayawa da almakashinsa
in yi wa wardinsa aski,
shi yana ciki, bargo a cinya,
yana ƙwanƙwasa gilashi da kan sanda:
ƙasa, ƙara ƙasa.